Ƙaramar majami'ar ƙauye da ta ɓace a Ingila: ta ina ake fara neman wurinta?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin binciken kufai a Ingila. Akwai wani ƙauye a tsakiyar ƙasar da tsofaffin takardu suka nuna yana da ƙaramar majami'a a zamanin tsakiya, ban da babban cocin gunduma da ke wani gari mai nisan kusan mil uku. Daga ƙarni na 16 ba a ƙara jin ɗuriyarta ba, yau kuma ko dutse ɗaya babu a tsaye. Alamu uku ne a hannu: wata gona mai suna Chapel Close (chapel a Turanci na nufin ƙaramar majami'a) a arewacin ƙauyen, wata 'yar hanya mai suna Chapel Lane a tsakiyarsa, sai alamar da tsohuwar taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, ta sa a wani fili daban ta ce nan ne wurin. Kowace ta nuna nata gefen. Ta ina ake farawa, kuma wace na'ura ce ta fi dacewa idan an kai ga awon ƙasa? Mai gonar ya yarda a shiga a duba, amma bai ba da izinin haƙa ba.

Malam Mai Kundi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. A ajiye maganar na'ura tukuna. Abin da za a fara warwarewa shi ne wace iri ce majami'ar, domin irinta ne ke nuna inda ya kamata a sa ido.

Akwai wadda ake ginawa don sauƙaƙa wa mutanen da cocin gunduma ya yi wa nisa. Wannan yawanci tana cikin ƙauye, a bakin babbar hanya ko kusa da dandalin gari, kuma sau da yawa ba ta da izinin binne gawa, sai an kai mamaci can uwar coci. Akwai ta gidan ubangidan ƙasa, wadda ke cikin harabar gidansa. Akwai ta bakin gada, ta mararraba, ta kusa da rijiyar da ake girmamawa. Sannan akwai wadda wani mai hali ya yi wa waƙafi don a riƙa yi wa ransa addu'a bayan ya mutu. A kan wannan ta ƙarshe ake yawan ɓata lokaci, domin da yawa daga cikinsu ba gini ba ne mai zaman kansa, bagadi ne kawai a wani lungu cikin cocin gunduma. Sai mutum ya yi ta neman harsashi a gona alhali abin yana cikin cocin da ake shiga kullum.

Kafin ki shiga gidan adana takardu, duba abin da wasu suka riga suka tattara. Kowane lardi yana da rajistar wuraren tarihi, wadda ake kira Historic Environment Record, kuma ana iya leƙa da yawansu ta shafin Heritage Gateway. Sai kundin Victoria County History, wanda aka fara a 1899. Idan ya kai ga gundumarki, zai ba ki jerin takardun da suka ambaci majami'ar. Yawancin juzu'ansa suna kan British History Online.

Daga nan sai takardun asali. Ƙididdigar dukiyar coci ta Paparoma Nicholas na Huɗu ta 1291 da irinta ta 1535 mai suna Valor Ecclesiasticus sukan ambaci ƙananan majami'u a ƙarƙashin uwar coci, amma sukan tsallake matalauta, don haka rashin ganin suna a ciki ba ya nufin babu ita. Rajistocin bishof sun fi amfani, nan ake samun izinin yin ibada da rigingimun da ke tashi tsakanin mutanen ƙauye da limamin gunduma a kan wa zai biya mai jan ibada. Dokokin 1545 da 1547 ne suka rushe majami'un waƙafi, kuma rahotannin masu binciken da aka tura a 1546 da 1548 suna nan a National Archives da ke Kew, a jerin E 301. A cikinsu akan rubuta nisan majami'a da cocin gunduma da yawan masu karɓar jibin Ubangiji a coci, saboda mutanen gari na kafa hujja da nisan don kada a rufe musu. Bayan an ƙwace kadarorin, an sayar, kuma bayanan cinikin suna cikin kundin Patent Rolls na zamanin Sarki Edward na Shida. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ma an yi ta farautar filayen coci da aka ɓoye wa masarauta, kuma a irin waɗannan takardu akan ci karo da bayanin rusasshiyar majami'a da ɗan filinta.

Amma takardar da ta fi kowace daraja a wannan aiki ita ce ta cinikin gida ko gona, saboda tana faɗin iyaka: gidan wane, tsakanin filin majami'a daga gabas da babbar hanya daga kudu. Idan kika samu ɗaya irin wannan, sai ki bi gidan daga hannu zuwa hannu ta bayanan kotun ubangidan ƙasa har ki sada shi da lambarsa a taswirar ƙarni na 19. Aiki ne mai cin rai, amma shi ne kaɗai ke kai mutum ga takamaiman fili ta hanyar takarda.

Game da alamunki uku. Chapel Lane ita ce mafi rauni. Ɗaruruwan hanyoyi masu wannan suna sun samo shi ne daga ɗakunan ibadar Methodist da Baptist na ƙarni na 18 da na 19. Duba ƙidayar wuraren ibada ta 1851. Idan akwai irin wannan ɗaki a kan hanyar, kuma sunan bai bayyana a takarda kafin a gina shi ba, ki cire ta. Chapel Close ta fi ƙarfi, sai dai gona na iya ɗaukar sunan don kuɗin hayarta ne ke ɗaukar nauyin majami'ar, ba don ginin yana cikinta ba. Alamar Ordnance Survey kuwa sau da yawa abin da limamin gari ko wani dattijo ya gaya wa masu awo ne a ƙarni na 19, shekaru ɗari uku bayan ginin ya faɗi. Wani lokaci daidai take, wani lokaci kuma an ɗora ta ne a tsakiyar gonar da aka nuna da hannu.

Mai Taswira ya rubuta:

Malam ya gama da takardu, bari in ɗora da taswira.

Malama, nemi taswirar ushirin coci ta gundumar, wadda aka zana bayan dokar 1836, tare da littafin da ke biye da ita. A National Archives taswirar tana jerin IR 30, littafin yana IR 29, kuma galibi akwai kwafi a gidan adana takardu na lardi. Littafin ne ke ba da sunan kowace gona, mai ita, mai nomanta, da girmanta. Kada ki tsaya ga Chapel Close kaɗai. Rubuta sunayen dukkan gonakin da ke kewaye, ki nemi masu ɗauke da sunan waliyyi, ko Kirk (coci), ko Priest (limamin coci), ko Churchyard (harabar coci). Ki sa ido musamman a kan ɗan ƙaramin fili, ƙasa da rabin eka, wanda mallakar coci ne amma yana zaune shi kaɗai nesa da sauran gonakin coci. Shingen da ya taho miƙe sai ya yi kwana ba gaira ba dalili ya kewaye wani ɗan murabba'i, shi ma abin tuhuma ne, domin shinge kan riƙe siffar abin da ya daɗe da ɓacewa.

Taswirorin larduna na Christopher Saxton na shekarun 1570 suna nuna wasu ƙananan majami'u da alama ta musamman. Ba za su ba ki wuri ba, ma'auninsu ya yi ƙanƙanta, amma za su iya nuna ko ginin na tsaye a lokacin.

Idan za ki ɗora tsohuwar taswira a kan ta yau a manhajar taswira ta QGIS, zaɓi maki takwas zuwa goma da ba sa motsi, kamar gada, kusurwar tsohon gida da mahaɗar hanyoyi, ki warwatsa su ko'ina a faɗin taswirar. Kada ki yi amfani da bakin rafi, yana sauya hanya. Yawancin taswirorin ushiri ba a auna su da tsananin daidaito ba, takardar ma ta miƙe ko ta ƙanƙance, don haka kuskuren mita goma ko ashirin ba abin mamaki ba ne. Ginin da kike nema tsawonsa ma bai fi haka ba. Taswirar Ordnance Survey ta inci 25 ga mil, wato 1:2500, ta fi aminci nesa ba kusa ba, kuma National Library of Scotland ta sa su a intanet kyauta, an riga an daidaita su da taswirar yau. Fara ɗora ta ushiri a kan wannan, sannan ki wuce zuwa ta zamani.

Sai laida, wato awon tudu da kwarin ƙasa da hasken leza daga jirgin sama. Hukumar Environment Agency na ba da bayanan kyauta, maki ɗaya a kowace mita. Ɗauki samfurin da aka cire bishiyoyi da gine-gine. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haska hoton daga gefe ɗaya: duk abin da ya kwanta a layi ɗaya da hasken ba ya yin inuwa, to idan hasken ya fito daga gabas ko yamma, dogayen bangayen majami'a, da suke kwance gabas da yamma, sai su ɓace. Yi amfani da manhajar Relief Visualization Toolbox, ki haska daga ɓangarori 16. Abin nema shi ne ɗan dandamali mai kusurwa huɗu, tudunsa ba ya wuce taƙi ɗaya ko biyu, cikin wani ɗan fili da aka kewaye da gaɓa ko rami. Inda tsofaffin kunyoyin noma na zamanin tsakiya suka tsira a makiyaya, duba inda suka tsaya cak suka bar wani fili ba a taɓa ba. Masu garma ba sa barin ƙasa haka kawai.

Laidar za ta kuma nuna miki ko ƙauyen ya matsa. Da yawa sun ƙanƙance bayan annobar 1348 zuwa 1349, wasu kuma an tashe su a ƙarni na 15 aka mayar da gonakin makiyayar tumaki. Idan akwai kwarin tsohuwar hanya da dandamalin gidaje a gefe da gefe a arewacin ƙauyen yau, to Chapel Close na iya zama tsakiyar tsohon gari, darajarta kuma ta ƙaru sosai.

A gonar da aka daɗe ana nomawa da tarakta laida ba ta nuna komai. Nan sai hotunan sama: na sojojin saman Birtaniya na shekarun 1940, kafin a baje kufai da yawa, da na shekarun fari irin 1976, 2018 da 2022. Ciyawar da ke kan harsashin dutse tana riga sauran bushewa, sai siffar ginin ta fito ruwan ƙasa a cikin kore. Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, na da tarin hotunan, wasu a intanet.

Injiniyar Awo ta rubuta:

Ƙanwata, idan an rage wuraren zuwa ɗaya ko biyu, ga amsar tambayarki ta biyu. Don ginin dutse, na'urar auna turjiyar ƙasa ce ta farko. Ana tura ɗan lantarki cikin ƙasa. Dutse da kwaɓin farar ƙasa ba sa riƙe danshi, sai turjiyarsu ta yi sama, rami mai cike da ƙasa mai laushi kuma tasa ta yi ƙasa.

Ga yadda ake yi da irin Geoscan RM15 ko RM85. Yanka filin murabba'i-murabba'i, mita 20 kowane gefe, da turaku na katako da igiyoyi masu alama a kowace mita. Don tabbatar da kusurwa ta miƙe, auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, dole ya ba da mita 28.28. Na'urar tana da ƙusoshi huɗu da ake sokawa a ƙasa. Biyu na jikin firam ɗin da ake ɗauka suna da tazarar santimita 50, wanda ke ganin zurfin kusan rabin mita zuwa kashi uku cikin huɗu na mita. Sauran biyun ana kafa su aƙalla mita 15 daga inda ake awo, wato ninki 30 na tazarar na firam. Idan suka matso kusa, karatun zai riƙa hawa ko sauka a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya rufe abin da ake nema. Duk lokacin da waya ta ƙare aka matsar da su, a bar firam a wuri ɗaya, a daidaita tazararsu har karatun ya koma yadda yake kafin a cire su, in ba haka ba murabba'an ba za su haɗu a hoto ba.

Fara da karatu ɗaya a kowace mita, wato 400 a murabba'i, don a rufe fili da yawa. Inda wani abu ya bayyana, a koma da rabin mita, karatu 1,600. Wannan na biyun ba ado ba ne: kaurin bangon ƙaramar majami'a bai cika kai mita ɗaya ba, awon mita-mita na iya ba da shi a dusashe ko a gutsuttsure. Kuma kada a jera layukan tafiya daidai gabas da yamma. A karkatar da su kamar digiri 30, domin ɗan zanen da kuskuren awo ke bari yana bin layin tafiya, kuma idan bango ma yana bin layin, ba a bambance su.

Lokaci yana da muhimmanci. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf a hunturu duk ɗaya take karantawa, wadda ta bushe ƙamas a tsakiyar rani kuma ƙusa ba ta shiga, lantarki ba ya wucewa. Watannin da ke tsakani sun fi, lokacin da akwai danshi amma ya fara janyewa.

Kada a sa rai da kyakkyawan zane mai kusurwa huɗu. Ginin da aka bari, maƙwabta ne ke kwashe duwatsunsa, har na harsashi. Abin da ke saura shi ne ramin da aka ciro su. Idan an cike shi da ƙasa, zai fito da ƙaramar turjiya, akasin abin da ake jira. Idan an cike shi da ɓaraguzai, zai fito da babba amma a yamutse. Sau da yawa tarkacen rushewa ne ke rufe komai, sai a ga dunƙule mara siffa. Nan rada mai leƙa ƙasa ke da amfani, da eriya ta megahaz 250 zuwa 500 da layuka a tazarar rabin mita ko ƙasa da haka, domin tana yanka hoton zurfi-zurfi ta nuna abin da ke ƙarƙashin tarkacen. Sai dai jiƙaƙƙen yumɓu yana shanye siginarta, kuma yumɓu ya yi yawa a tsakiyar Ingila, don haka a duba taswirar nau'in ƙasa ta hukumar British Geological Survey kafin a kashe kuɗin haya.

Na'urar maganaɗisu ba ta ganin bangon farin dutse sosai, amma tana da sauri, tana fito da ramuka, murhu da iyakokin gidaje. Amfaninta a nan shi ne ta zana tsarin ƙauyen. Filin da ya yi tsit a tsakanin gidaje masu cike da murhu da ramukan shara ya cancanci a bi shi da na'urar turjiya. Mai riƙe ta kada ya sa komai na ƙarfe a jiki, kuma shingen waya na lalata karatun mitoci da dama a gefensa.

Baba Na Kufai ya rubuta:

'Yata, ƙarin abu biyu. Gini mai ɗaki ɗaya, faɗin mita biyar zuwa bakwai, tsawon goma zuwa sha biyar, yana kallon gabas, ba shi kaɗai ke tabbatar da majami'a ba. Rumbuna da gidajen manoma da yawa haka suke kwance, majami'u kuma ba duka suka saiti gabas daidai ba. Abin da ke rarrabewa shi ne abin da ƙasa ta tofar. Bi gonar bayan an yi huɗa ruwa ya wanke ta, ko ki duba ƙasar da dabbobi masu rami suka turo a makiyaya. Gilashin taga mai zane yakan yi baƙi a ƙasa har ya daina wuce haske, a ɗauka ɓallin dutse ne. Duba gefensa, za ki ga an ɗan gutsuttsura shi don ya shiga mazauninsa. Akwai siraran dalma masu kwari a gefe biyu da ke riƙe gilashin, da tayil ɗin daɓe mai sheƙi, da ɓawon shafen bango mai jan fenti, da fale-falen dutsen rufi mai huda ɗaya. Idan waɗannan sun taru wuri ɗaya, fasassun tukwane da ƙasusuwan dabbobi kuma suka yi ƙaranci, magana ta fara ƙarfi. Kowane abu a sa shi a jakarsa da lambar murabba'in da aka tsince shi. Ki kuma zaga tsofaffin rumbuna da gidajen ƙauyen: sassaƙaƙƙen dutsen taga a jikin katanga na nuna inda duwatsun suka tafi, wani lokaci ma majami'ar ce kanta aka mayar gida.

Na biyu, doka. Duba National Heritage List for England, wato jerin wuraren tarihi da doka ta kare. Idan filin yana cikin wuraren da dokar 1979 ta kare, ko awon da Injiniya ta bayyana sai da lasisin sashe na 42 daga Historic England, izinin mai gona bai isa ba. Idan ƙashin mutum ya fito, a tsaya, a rufe, a sanar da 'yan sanda da jami'in kula da kufai na lardi. Ɗaga shi sai da lasisin Ma'aikatar Shari'a a ƙarƙashin dokar binne gawa ta 1857. Zinariya ko azurfar da ta shiga dokar taska ta 1996 ana kai rahotonta cikin kwana 14.

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam Mai Kundi, tsofaffin takardun da na ambata da farko biyu ne. Ɗaya izinin bishof ne na ƙarni na 14 ga ubangidan ƙasa a yi ibada a gidansa. Ɗayar wasiyyar wani manomi ce ta ƙarni na 15, ya bar tunkiya don a riƙa sayen kyandir a majami'ar ƙauyen. Shin wuri ɗaya suke nufi?

Malam Mai Kundi ya rubuta:

Kada ki ɗauka ɗaya ne, Malama, sai takarda ta haɗa su. Irin wannan izini na bishof yawanci na ɗan lokaci ne, shekara ɗaya zuwa uku ko iya yadda bishof ya ga dama, da sharaɗin kada ya rage wa uwar coci kuɗin shiga. Sau da yawa ɗaki ne kawai a cikin gidan, har a bene, wanda ba zai bar harsashin kansa ba. Wasiyyar manomin kuwa tana nuna wurin da talakawa ke shiga suna ɗaukar nauyinsa.

Tara dukkan wasiyyoyin mutanen ƙauyen daga ƙarni na 15 zuwa 1547, ki fitar da sunan waliyyin da aka sa wa majami'ar da inda kowane mamaci ya ce a binne shi. Idan duk sun ce a kai su cocin gunduma, babu maƙabarta a wurin da kike nema, filinsa zai yi ƙanƙanta, kuma kada a ɓata kuɗin rada wajen neman kaburbura. Sannan ki duba a laida ko alamar Ordnance Survey tana kusa da ramin da ya kewaye tsohon gidan ubangidan ƙasa. Idan haka ne, mai yiwuwa ita ta gidan take nunawa, Chapel Close kuma ta mutanen gari, sai a fara shimfiɗa igiyoyin awo a gefen gonar da ke kallon tsohuwar hanya.